Ƙungiyoyin hidimar al'umma da matasan unguwannin talakawa: Yadda taimako ke ɗorewa

A duk lokacin da sabuwar shekarar karatu ta kama, ko azumi ya ƙarato, ko bukukuwan ƙarshen shekara suka zo, akan ga motocin ƙungiyoyin hidimar al'umma suna shiga unguwannin marasa galihu a biranen Najeriya. Ana raba jakunkunan makaranta da littattafan rubutu a Ajegunle da Makoko da ke Legas, ana gwajin ido kyauta a Rigasa ta Kaduna, ana miƙa kekunan ɗinki a Kurna ko Ɗorayi a Kano, ana buɗe rijiyar burtsatse a Mpape da ke gefen Abuja. Masu karɓa kan yi godiya, a ɗauki hoto, taro ya watse.

Tambayar da ba kasafai ake yi ba ita ce, ina matashin da ya karɓi keken ɗinkin nan yake bayan shekara guda? Amsarta ce ke bambance taimakon da ke sauya rayuwa da wanda ke ƙarewa a ranar biki. Domin a fahimci dalilin da ya sa wasu ayyukan ke ɗorewa wasu kuma ke mutuwa, akwai buƙatar sanin yadda ƙungiyoyin suke, inda kuɗinsu ke fitowa, da abin da gogewa da bincike suka nuna game da tallafa wa matasan birni.

Asalin ƙungiyoyin da tsarinsu

Ƙungiyar hidimar al'umma taro ne na masu sana'a da 'yan kasuwa da ma'aikata da ke haɗuwa a kai a kai, suna biyan kuɗin zama mamba, suna kuma ba da lokacinsu da iliminsu ga ayyukan taimako ba tare da albashi ba. Mafi daɗewa a cikin manyansu ita ce Rotary, wadda wani lauya mai suna Paul Harris ya kafa a birnin Shikago na Amurka ranar 23 ga Fabrairu, 1905, tare da abokansa uku. Sunan ya samo asali ne daga yadda suke zagayawa da taro daga ofishin wannan zuwa na wancan. Ɗaya daga cikin ayyukansu na farko shi ne fafutukar samar da banɗakin jama'a a birnin a 1907.

A 1917 wani ɗan kasuwar inshora, Melvin Jones, ya kafa ƙungiyar Lions a wannan birni. Bayan da Helen Keller, shahararriyar marubuciyar nan makauniya kuma kurma, ta yi wa taronsu jawabi a 1925, sai ƙungiyar ta ɗauki yaƙi da makanta a matsayin babban aikinta. Akwai kuma Inner Wheel, ƙungiyar mata da aka kafa a Ingila a 1924, da JCI ta matasa masu sana'a.

Dukkansu suna da rassan matasa. Rotary ta buɗe Interact a 1962 domin 'yan shekara 12 zuwa 18, sai Rotaract a 1968 domin 'yan shekara 18 zuwa sama, kuma a jami'o'i da kwalejojin Najeriya da dama akwai rassanta. Lions kuwa tana da Leo, wadda ta fara a 1957. Ƙa'idar waɗannan ƙungiyoyi ita ce ba sa bin wani addini ko jam'iyyar siyasa, kuma kowane reshe na da 'yancin zaɓen aikin da zai yi a garinsa.

Yadda suka kafu a Najeriya

Mutane da yawa na ɗaukar Rotary a matsayin abin mutanen Kudu, alhali a Kano aka buɗe reshenta na farko a Najeriya a 1961, kafin na Legas da na Ibadan su biyo baya a wannan shekarar. Daga reshen Kano ne kuma aka samu ɗan Afirka na farko da ya shugabanci ƙungiyar a duniya baki ɗaya, wato Babban Lauyan Najeriya Jonathan Majiyagbe, wanda ya riƙe muƙamin daga 2003 zuwa 2004.

Sai dai taimakon juna ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Bahaushe ya san aikin gayya tun kafin zuwan Turawa, inda samarin gari kan haɗu su nome gonar dattijo ko su gyara hanya. Ya san adashe, ya san zumunci, ya san cewa ɗa na kowa ne. A yau wannan al'ada na raye a ƙungiyoyin taimakon kai da kai na unguwanni, masu yashe magudanan ruwa da gyaran maƙabarta, da ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, da 'yan agajin ƙungiyoyin addinin Musulunci, da zumuntar mata da rundunar samari ta majami'u, da ƙungiyoyin cigaban gari da Hausawan Agege da Idi-Araba da Sabon Ibadan suka kafa.

Bambancin da ke tsakani shi ne, ƙungiyoyin unguwa sun san mutane gida-gida amma hannunsu bai cika kaiwa ga kuɗi da ƙwararru ba, yayin da manyan ƙungiyoyin ke da likitoci da lauyoyi da injiniyoyi da hanyar samun tallafi daga waje, amma yawancin mambobinsu ba a unguwannin talakawa suke kwana ba. Kowane ɓangare na riƙe da abin da ɗayan ke nema.

Girman matsalar a birane

Rahoton talauci ta fuskoki da dama da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a watan Nuwamban 2022 ya nuna cewa mutum miliyan 133, wato kashi 63 cikin 100 na 'yan Najeriya, na fama da rashi a fannonin ilimi da lafiya da muhalli da aikin yi. A karkara adadin ya kai kashi 72 cikin 100, a birane kuma kashi 42. Wannan ya sa hankali kan fi karkata ga ƙauyuka, amma fiye da rabin 'yan ƙasar yanzu a birane suke zaune, don haka kashi 42 ɗin nan miliyoyin mutane ne masu yawa.

Talaucin birni yana da kamanninsa. A ƙauye ko babu kuɗi akwai gona da rumbu da dangi. A birni komai da kuɗi ake samu: haya, ruwan jarka, kuɗin mota, har ma da banɗaki a wasu unguwannin. Cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, da tsadar kayan masarufi da ta biyo baya sun ƙara nauyin. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024 ya shafi masu aikin albashi ne, alhali akasarin iyayen yaran waɗannan unguwanni 'yan tireda ne, ko direbobin adaidaita sahu, ko 'yan dako, ko masu wankau.

A irin wannan gida, ƙaramin abu ke fitar da yaro daga makaranta. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta tanadi karatu kyauta har zuwa aji uku na ƙaramar sakandare, amma kayan makaranta da kuɗin mota da kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai na nan a wuyan uba. Wanda ya lallaɓa ya kai ajin ƙarshe kuma sai ya tarar da kuɗin jarrabawar WAEC ko NECO da na JAMB. Yarinya sai ta koma talla ko aikatau, yaro ya koma tasha ko bakin kasuwa.

Daga nan hanya ba ta da nisa zuwa ga abin da kowane birni ya laƙaba wa suna: daba a Kano, sara-suka a Bauchi, ƙalare a Gombe, 'yan tasha masu karɓar kuɗi da ƙarfi a Legas, da ƙungiyoyin asiri a Fatakwal. Binciken amfani da miyagun ƙwayoyi na 2018, wanda Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwayoyi da manyan laifuka ya gudanar tare da hukumomin Najeriya, ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da ƙwaya a shekarar da ta gabace shi.

Inda kuɗin ke fitowa

Akwai masu zaton gwamnati ko wata ƙasar waje ce ke zuba wa waɗannan ƙungiyoyi kuɗi. Gaskiyar lamarin ita ce, tushen farko aljihun mambobi ne: kuɗin shekara, da gudummawar da ake tarawa a taron mako-mako, da liyafar neman taimako da akan shirya lokacin rantsar da sabon shugaba. Wasu rassan kuma kan samu tallafi daga bankuna da kamfanoni.

Tushe na biyu shi ne gidauniyar uwar ƙungiya. Gidauniyar Rotary ta fara ne a 1917 da gudummawar dala 26 da santi 50. A tsarinta, kuɗin da mambobi suka zuba a asusun shekara akan juya su na tsawon shekara uku, sannan kusan rabi ya koma hannun shiyyar da ta tara su. Daga nan ake ba da ƙananan tallafi na shiyya domin gajerun ayyuka. Akwai kuma babban tallafi na duniya, wanda kasafin aikinsa ba ya gaza dala 30,000, kuma ba a ba da shi sai reshen gida ya haɗa hannu da wani reshe na wata ƙasa. Tun daga 2018 an wajabta wa mai neman irin wannan tallafi ya fara gudanar da binciken buƙatun al'ummar da za a yi wa aikin, ya nuna cewa mutanen wurin ne suka bayyana abin da suke so. Lions ita ma tana da gidauniyarta tun 1968.

Ma'anar wannan ga shugabannin unguwa a fili take. Kuɗi na bin tsari ne a rubuce. Unguwar da ta iya faɗin adadin yaran da suka bar makaranta a cikinta, da dalilin barinsu, da wanda zai kula da aikin bayan an tafi, ta fi kusa da samun tallafi fiye da wadda ta aika takardar roƙo kawai.

Darasin yaƙi da shan inna

Babban misalin abin da ƙungiyar hidima za ta iya cimmawa shi ne yaƙi da cutar shan inna. Rotary ta ƙaddamar da shirinta a 1985, kuma a 1988 ta shiga cikin waɗanda suka kafa gangamin kawar da cutar a duniya tare da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF da cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka. A lokacin, cutar na shanye ƙafafun yara kimanin 350,000 a shekara a ƙasashe 125.

A Najeriya tafiyar ba ta zo da sauƙi ba. A 2003 wasu jihohin Arewa sun dakatar da rigakafin saboda zargin da ya yaɗu a kan ingancinsa, kuma sai a tsakiyar 2004 Kano ta koma yi. A 2012 Najeriya ce ke da yara 122 daga cikin 223 da cutar ta kama a duniya. Abin da ya juya al'amarin shi ne shigar sarakuna ƙarƙashin jagorancin Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar, da malamai, da masu unguwanni, da mata masu bi gida-gida, da su kansu waɗanda cutar ta nakasa. An ga asalin ƙwayar cutar na ƙarshe a Jihar Borno a 2016, kuma ranar 25 ga Agusta, 2020, aka ayyana nahiyar Afirka ta rabu da ita, ko da yake ana ci gaba da rigakafi saboda wani nau'in da ya rikiɗe. A wannan shekarar mujallar Time ta sanya Dakta Tunji Funsho, wanda a lokacin shi ne shugaban kwamitin Rotary na yaƙi da cutar a Najeriya, cikin mutum 100 mafiya tasiri a duniya.

An yi nasarar ne saboda an ɗauki matsala guda, an zauna a kanta shekara 35, ana ƙirga sakamako a kowane mataki, kuma an miƙa ragamar aikin ga mutanen da al'umma ta amince da su. Irin wannan haƙuri ne ayyukan tallafa wa matasa suka fi rasawa.

Abin da bincike ya nuna

Akwai bincike daga wasu ƙasashe da ke haskaka hanya. A Amurka, ƙungiyar Big Brothers Big Sisters na haɗa yaro ɗaya da babban mutum ɗaya mai sa kai, su riƙa haɗuwa a kai a kai. Wani bincike da aka wallafa a 1995, wanda ya bi yara 959 'yan shekara 10 zuwa 16 na tsawon wata 18, ya gano cewa yiwuwar fara shan ƙwaya ta ragu da kashi 46 cikin 100 a tsakanin waɗanda aka ba mai kula, kuma fashin makarantarsu ya ragu da kusan rabi. Da masana suka sake duba alƙaluman a 2002, sai suka ga cewa yaran da alaƙarsu da mai kula ta wuce shekara guda ne suka fi amfana, yayin da waɗanda aka yasar cikin wata uku suka koma baya wajen ganin ƙimar kansu. Wato fara riƙon yaro a sake shi a hanya na iya fin rashin farawa illa.

Misali na biyu daga Afirka ta Yamma yake. A Monrobiya, babban birnin Laberiya, masana sun gwada wani shiri a kan samari 999 da ke rayuwar titi, da yawansu tsofaffin mayaƙa ne ko masu ƙananan sace-sace da sayar da ƙwaya. Wasu an ba su horon gyaran tunani da ɗabi'a na mako takwas, wasu an ba su dala 200, wasu an haɗa musu duka biyun, wasu kuma ba a ba su komai ba. Tasirin kuɗi kaɗai ya dushe cikin shekara guda. Waɗanda suka samu horo sannan kuɗi ya biyo baya su ne aikata laifi da tashin hankali ya ragu sosai a tsakaninsu, kuma da aka koma bayan shekara goma an tarar da tasirin bai gushe ba. Masu ba da horon kuwa mutanen gari ne, wasunsu sun taɓa yin irin wannan rayuwa.

A cikin gida ma akwai abin koyi. Tsarin yaron shago da 'yan kasuwar Ibo suka shahara da shi a Anacha da Aba da Alaba, inda yaro ke zama da ubangida shekaru sannan a sallame shi da jari, da irin wanda ake yi a Kantin Kwari da garejin kanikawa da shagunan teloli a Arewa, duk sun ginu ne a kan tsawon zama da amana da sallama.

Inda ake samun tangarɗa

Matsala ta farko a tsarin ƙungiyoyin take. Shugabancin reshen Rotary da na Lions na shekara ɗaya ne, daga 1 ga Yuli zuwa ƙarshen Yuni. Kowane sabon shugaba na son a tuna da shi da aikinsa, don haka akan fifita abin da za a fara a gama a ƙaddamar cikin wata goma sha biyu. Karatun yaro ko koyon sana'arsa kuwa ba ya ƙarewa a wata goma sha biyu.

Ta biyu ita ce horon sana'a na 'yan kwanaki. Idan aka koya wa mata hamsin na unguwa ɗaya haɗa sabulun ruwa a mako guda, wa zai sayi na wa? Keken ɗinkin da aka ba wanda bai iya yanka ba, ba shi da shago, ba shi da kuɗin zare, sau da yawa kasuwa yake komawa.

Ta uku ita ce zaɓen masu amfana. Idan aka bar jerin sunaye a hannun mutum ɗaya, 'yan uwa da 'yan siyasa kan cike shi, ainihin mabuƙata kuma, musamman 'yan mata da masu nakasa da almajiran da ba su da kowa a gari, su tashi a tutar babu. Ta huɗu kuma ita ce mutunci. Saurayi ɗan shekara 17 da aka tsayar a layi aka yaɗa hotonsa a Facebook yana karɓar sadaka zai iya ƙin dawowa, kuma wallafa hoton ƙaramin yaro ba da yardar iyayensa ba ya saɓa wa ruhin dokar kare haƙƙin yara ta 2003.

Hanyoyin gyara

Rassan da ayyukansu ke ɗorewa kan ɗauki unguwa ɗaya ko makaranta ɗaya su ƙulla yarjejeniyar shekara uku zuwa biyar da za ta ɗaure duk shugaban da ya zo. Sukan rage yawan masu amfana domin su iya bin kowa da sunansa. Maimakon horon mako guda, sukan biya wa matashi kuɗin koyo a wurin ƙwararren maigida a unguwarsa, su ɗauki nauyin kuɗin motarsa da abincin rana, su ajiye kayan aiki sai ranar yaye shi. Likita ko akanta ko injiniyan da ke cikin ƙungiya, idan ya ware awa biyu a wata ya zauna da yaro guda, ya duba sakamakon jarrabawarsa, ya buɗe masa ƙofar koyon aiki, ya ba da abin da ya fi buhun shinkafa tsada.

Rotary na da wani tsari da ake kira RCC, wanda ke ba mazauna unguwa da ba mambobi ba damar kafa rundunar sa kai ƙarƙashin kulawar reshe, su ne kuma ke tsara aikin su kula da shi. Wannan gada ce da ƙungiyoyin taimakon kai da kai za su iya hawa. Ƙungiyar unguwa da ke son a ɗauke ta da muhimmanci na buƙatar rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni ko aƙalla da sashen walwalar jama'a na ƙaramar hukuma, da asusun banki mai sa hannun mutum fiye da ɗaya, da littafin shige da ficen kuɗi da kowane mamba zai iya gani. Sanya mai unguwa da limami ko fasto da shugabar mata da shugaban makaranta wajen tantance sunaye na rage son kai.

Akwai kuma ƙofofin gwamnati da ƙungiyoyi za su iya kai matasa gare su maimakon su maimaita aikinsu: Hukumar Samar da Ayyukan Yi ta Ƙasa, da Asusun Horar da Ma'aikata na ITF da aka kafa a 1971, da asusun lamunin karatu na NELFUND da ya fara aiki a 2024, da Hukumar Kula da Ilimin Almajirai da Yaran da Ba Sa Zuwa Makaranta da aka kafa a 2023. Yaran unguwannin talakawa da yawa ba sa cin gajiyar waɗannan shirye-shirye saboda ba su da lambar shaidar zama ɗan ƙasa, ko takardar haihuwa, ko wanda zai cike musu fom a intanet. Masu yi wa ƙasa hidima, waɗanda dama aikin raya al'umma na cikin wajibansu na mako-mako, tare da 'yan Rotaract da Leo, za su iya toshe wannan giɓi da kuɗi kaɗan.

Babu ƙungiyar sa kai da za ta maye gurbin gwamnati wajen gina makarantu da biyan malamai da samar da wutar lantarkin da masu walda da teloli ke jira. Abin da take da shi wanda ma'aikatar gwamnati ba ta da shi shi ne damar sanin yaro da sunansa da gidansu, da bibiyar sa har ya tsaya da ƙafafunsa. Saboda haka, idan reshe ya zo gabatar da rahoton ƙarshen shekara a watan Yuni, ya dace mambobi da masu ba da gudummawa da shugabannin unguwa su nemi a faɗa musu yara nawa daga cikin na bara ke aji har yanzu, nawa suka zauna jarrabawa, nawa aka yaye a sana'a, nawa kuma suka ɓace da dalilin ɓacewarsu.